Gigin tsufa a gidajen Hausawan Saudiyya: yadda ake haɗa magani da horo

A yawancin gidajenmu na Makka, Jidda da Madina, idan Baba ya fara ɓata tsakanin masallaci da gida, ko Hajiya ta maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin a sauke tukunya, ɗayan biyu ake yi. Wasu su ce gigin tsufa ne, sai haƙuri, su zaunar da tsohon a ɗaki su ɗauke masa kowane aiki. Wasu kuma su kai shi asibiti, su dawo da kwalin magani, su zuba ido suna jiran ya koma yadda yake a da. In an yi wata uku ba su ga haka ba, sai su jefar da kwalin. Duka biyun tsohon ake cuta. Maganin da ake da shi yau yana da amfani, amma amfanin ɗan kaɗan ne, kuma ba ya fitowa fili sai an haɗa shi da horo na yau da kullum a cikin gida.

Cutar mantuwa ciwo ce ta ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita sun haura mutum miliyan 55, ana kuma samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Sai wadda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa, abokiyar tafiyar hawan jini da ciwon suga. Akwai nau'in Lewy, mai zuwa da gane-gane da sanɗarewar jiki, yau mutum garau gobe a ruɗe. Akwai kuma wadda ke cin gaban ƙwaƙwalwa, inda hali ke fara canzawa kafin mantuwa: dattijo mai kunya ya koma faɗar abin da bai dace ba a gaban surukai. Sanin nau'in wajibi ne, domin maganin da ke taimaka wa wani nau'i yana iya dagula wani.

Kafin a haɗiyi ƙwaya ko ɗaya

Likita na gari ba ya rubuta maganin mantuwa a ganin farko. Sai ya auna jini ya duba bitamin B12, da aikin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, da suga, da gishirin jini, da aikin ƙoda. Sau da yawa a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa don a tabbatar babu taruwar jini ko ruwa. Duk waɗannan suna kawo mantuwa, kuma suna gyaruwa. Wanda ya daɗe yana shan metformin don ciwon suga ya matsa a duba masa B12, domin maganin kan rage shi. Ciwon damuwa ma yana shigar burtu da kamannin mantuwa, musamman ga wadda ta yi rashin miji ko wanda abokan zamansa suka ƙare.

A kuma riƙe wannan: cutar mantuwa a watanni da shekaru take tafiya. Idan tsoho ya kwana lafiya ya tashi a ruɗe, ko ruɗewarsa ta ninka cikin kwana biyu, wani abu ne daban ya taso, kamar cutar mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga ko sabon magani. Wannan na asibiti ne a ranar.

Akwai wata matsala da ta fi shafarmu. Wanda ya tashi da Hausa ya koyi Larabci da girmansa, idan cutar ta yi nisa Larabcin ne ke fara zubewa, ya koma harshen da ya sha a nono. Gwajin da aka fi yi a asibiti mai maki 30 ne, ana tambayar kwanan wata, lissafi, karatu da rubutu. In aka yi wa Hajiyar da ba ta yi boko ba wannan gwaji da Larabci, makinta zai faɗi ƙasa da gaskiyar halinta, a ce cutar ta yi tsanani alhali ba ta kai ba. Don haka a je da wanda zai fassara kalma da kalma ba tare da ya amsa mata ba, a faɗa wa likita iyakar karatunta, a kuma tambaya ko akwai gwajin RUDAS, wanda aka tsara a Ostareliya don mutane masu harsuna da al'adu daban-daban.

Abin da ƙwayar ke yi

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna isar wa juna saƙo da wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki shi ne asetilkolin, wanda tunawa da maida hankali suka dogara a kansa, kuma yana ƙaranci a cutar Alzheimer. Magunguna uku, donepezil da rivastigmine da galantamine, aikinsu su hana jiki saurin rusa ɗan abin da ya rage. Ba sa tsayar da mutuwar ƙwayoyin. A gwajin nan mai maki 30, ratar da ke tsakanin mai sha da wanda ba ya sha bayan wata shida ba ta cika wuce maki 1 zuwa 2 ba. A gida kuwa abin da ake gani shi ne mutum ya ɗan ƙara natsuwa, yana bin zance, yana kula da wanda ya shigo. Wanda ya tsaya inda yake tsawon wata shida ma ya amfana, tunda cutar gangara take yi.

Donepezil ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, galibi da dare, bayan mako 4 zuwa 6 a hau 10. Galantamine mai sakin kansa a hankali ana farawa da 8 da safe tare da abinci, a hau 16, wani lokaci 24, da tazarar aƙalla mako 4 tsakanin hawa da hawa. Rivastigmine an fi amfani da filastarsa da ake mannawa a fata: mai 4.6 tukuna, bayan mako 4 a koma mai 9.5. Na huɗu, memantine, hanyarsa daban ce, yana rage ɓarnar wani sinadari mai suna gulutamet, kuma na matakin tsakiya ne zuwa mai tsanani. Ana farawa da 5, a ƙara 5 duk mako har 20, amma mai ciwon ƙoda mai tsanani ba ya wuce 10. Ana iya haɗa shi da donepezil. Ukun farko suna taimaka wa mai nau'in Lewy sosai, ba a ba mai nau'in gaban ƙwaƙwalwa, haka ma wanda tasa ta jijiyoyin jini ce zalla. Waɗannan alƙaluma don iyali su gane abin da likita ya rubuta ne, ba don a je kantin magani a saya da ka ba. Kuma wanda ba shi da inshora ya tambayi mai kantin irin da ba na kamfanin asali ba, sinadarin ɗaya ne, kuɗin ya fi sauƙi.

Inda abin ke lalacewa sanannu ne. Tashin zuciya, amai, gudawa da rashin cin abinci sun fi zuwa a makonnin farko da lokacin ƙari, shi ya sa ake hawa a hankali. A riƙa auna nauyin tsohon duk wata. Idan donepezil na kawo munanan mafarkai, a nemi likita ya maida shi safe. Mafi haɗari shi ne raguwar bugun zuciya, musamman ga mai shan maganin hawan jini ko zuciya irin su atenolol ko bisoprolol. A ƙirga bugun kafin a fara da bayan kowane ƙari. In ya sauka ƙasa da 50 a minti, ko aka ga jiri da suma, a dakata a nemi likita. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawara ta waya, 997 kuma ta motar asibiti ce.

Filasta tana da nata sharuɗɗa. A cire ta jiya kafin a manna ta yau, domin an sha kai tsofaffi asibiti saboda an tara musu biyu ko uku a jiki. A rubuta kwanan wata a kanta da biro. A manna a gadon baya inda hannunsa ba ya kaiwa, a fata busasshiya, kada a maimaita wuri ɗaya cikin kwana 14, kada kuma a yanka ta. Zafin Makka da gumi suna ɓamɓare ta, daɗewa cikin rana kuma na iya sa jiki ya zuƙi maganin fiye da ƙima. In aka yi fashin fiye da kwana 3, a koma ƙaramar a sake hawa.

Abu ɗaya da ke ba mu takaici shi ne yadda ake ba da magani da kishiyarsa a faranti ɗaya. Donepezil na iya kawo yawan fitsari. Sai a je wurin wani likita ya rubuta oxybutynin, wanda aikinsa toshe asetilkolin ɗin da ake faman tarawa. Haka magungunan mura masu chlorpheniramine, da na barci masu diphenhydramine da ake saya ba takarda, da amitriptyline, da hyoscine na murɗar ciki. A zuba duk magungunan gidan a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda ɗan'uwa ya aiko daga Kano, a ajiye gaban likita ko mai harhaɗa magani. Wani lokaci cire ƙwaya biyu ya fi ƙara ɗaya amfani.

Horon, wanda shi ne babban aikin

Ƙwayar tana yin abin da ruwan sama ke yi wa gona, ta tausasa ƙasa. Idan ba wanda ya ɗauki fartanya, ruwan ya wuce a banza. Ɗan maida hankalin da magani ya ƙara shi ne ake zuba horo a ciki.

Wanda aka fi gwadawa shi ne zaman zaburar da tunani, da masu bincike a Landan suka wallafa sakamakonsa a 2003: zama 14, kowanne minti 45, sau biyu a mako, tsawon mako 7, cikin ƙaramin rukuni. Ribar da aka gani a gwajin tunani ta yi kusa da ta magani, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila tana ba da shawararsa ga masu cutar a matakin farko da na tsakiya. Da aka ci gaba da zaman sau ɗaya a mako, binciken da ya fito a 2014 ya nuna waɗanda ke shan ɗaya daga magungunan nan uku su suka fi samun riba a tunani. An kuma daidaita tsarin aka gwada a Najeriya da Tanzaniya. Zaman ba jarrabawa ba ne. Ra'ayi ake nema, ba daidai ko kuskure ba. A gidan Bahaushe kayan aikin suna nan birjik, kuma da Hausa za a yi, ko da jikoki sun fi sakewa da Larabci. A ɗauko daddawa ko kuka a ba Kaka ta shinshina, a tambaye ta wace miya ta fi so da ita. A ja karin magana a bar mata ƙarshe: "Komai nisan jifa..." ta cika da kanta. A tado labarin hanyar ƙasa da iyayen wasunmu suka biyo, ta Chadi da Sudan har bakin teku a Sawakin. A ba ta tsintar shinkafa, ɓarar gyaɗa, ninke kaya. Tsoffin abubuwa da ayyukan da hannu ya saba su ne ke daɗewa ba su goge ba, daga nan ake kamawa.

Wata ɗabi'a kuma a daina ta: jikoki su jeru suna "Kaka, wane ne ni? Kin gane ni?" Wannan ba horo ba ne, kunyatarwa ce, kuma tana sa tsohuwa ta daina magana. A ce, "Kaka, jikarki ce, na zo gaishe ki."

Nau'i na biyu shi ne horo kan buri ɗaya tak. Wani bincike a Birtaniya mai mutum 475, da aka wallafa a 2019, ya tura masu horo gida sau 10 cikin wata uku, sannan sau 4 cikin wata shida. Mutanen sun ƙware a abin da aka horar da su a kai, amma tunaninsu gaba ɗaya bai canza ba. Darasin a fili yake: a zaɓi abin da ke da muhimmanci, domin shi kaɗai za a samu. Misali, Inna tana tashi ba sanda tana faɗuwa. A zauna da ita da hantsi, a kashe talabijin. "Inna, me za ki ɗauka kafin ki tashi? Sandarki." Ta maimaita, ta kuma kai hannu ta ɗauka. A sake tambaya bayan daƙiƙa 30, sai minti 1, minti 2, 4, 8, ana hira a tsakani. Da zarar ta yi jim, a ba ta amsar nan take, a koma tazarar da ta ci a baya. Kada a bar ta tana lalube, domin ƙwaƙwalwar da ta yi rauni kuskuren take riƙewa kamar yadda take riƙe daidai. Minti 15 zuwa 20 a rana ya isa, da kalmomi iri ɗaya daga bakin kowa a gidan. Inda ake faɗuwa shi ne ɗora buri uku a lokaci guda, ko kowa ya zo da tasa jimlar.

Alwala da sallah taska ce a wannan fanni, saboda jiki ya shekara sittin yana yin su, kuma suna raba yini gida biyar. A tsaya gefensa a yi tare, gaɓa ɗaya bayan ɗaya: "Baba, mu wanke hannu." Kada a karɓe butar a yi masa don sauri. Duk aikin da aka ɗauke wa mai wannan cuta da sunan tausayi, yana iya ɓace masa. A taimaka a wurin da ya tsaya kawai, ragowar a bar masa, ko da zai ɗauki minti ashirin yana ɓalla maɓallin riga.

Motsa jiki a san abin da ake nema da shi. Wani babban gwaji a Ingila a 2018 ya nuna atisaye mai ƙarfi bai rage gudun mantuwa ba, sai dai ya ƙara ƙarfin jiki. A Finlan kuwa, atisayen gida sau biyu a mako tsawon shekara ya rage saurin rasa iya kula da kai, ya kuma rage faɗuwa. To, ƙafa ake ceto, kuma karayar ƙugu tana iya kwantar da tsoho har abada. A tashi a zauna daga kujera mai ƙarfi sau 10, a huta, a sake. A tsaya riƙe da bango ana ɗaga dunduniya. A yi tafiyar minti 20 zuwa 30 bayan Asuba, kafin rana ta buɗe, domin hasken safiya ma yana gyara barci. Likitan gashin ƙashi shi zai tsara wa mai ciwon gwiwa ko zuciya nasa gwargwado. A kuma duba ido da kunne: cire yanar ido ko sa na'urar ƙara ji na iya yin abin da ƙwaya ba ta yi ba. A ɗauke ƙananan dardumai daga hanya, a bar fitilar banɗaki a kunne da dare, a sa ƙarfen kamawa a bango.

Rikicin Magariba

Da yawa suna birkicewa in rana ta kusa faɗuwa: ya ɗaure kaya zai tafi "gida", ta ce an sace mata zinare, wani har ya kai duka. Lokacin ne ke sa a ce iska ce. Addu'a da karatu a natse suna kwantar da hankali, ba wanda zai hana, amma ɗauri da tsawa da turnuƙe ɗaki da hayaƙi ƙara firgita shi suke yi. Kafin a nemi maganin barci a bi waɗannan: ciwo da ba ya iya faɗa, kamar haƙori ko gwiwa, taurin bayan gida, fitsarin da ya ƙi fita, ƙishirwa, yunwa, hayaniya. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana busar da jiki, don haka a riƙa miƙa masa ruwa a hannu bayan kowace sallah da kowane cin abinci, sai in likita ya taƙaita masa. A Norway an gwada ba da maganin ciwo bisa tsari, akasari farasitamol, rikicin ya ragu. Al'adar garuruwan nan ta raba dare ana hira ba ta yi da mai wannan cuta. A tsayar masa da lokacin kwanciya, a gajarta barcin rana, a hana shayi da gahawa bayan La'asar, a kunna fitilu tun kafin duhu. Gardama ba ta da amfani. In ta ce za ta je wurin mahaifiyarta da ta rasu tuntuni, a ce, "Inna, ba ni labarinta," a ja ta zuwa wani aiki.

Magungunan taɓin hankali irin su risperidone da haloperidol suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu cutar mantuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan irinsu tun 2005. Ana amfani da su ne idan akwai barazanar cutarwa, da ƙaramin awo, na ɗan lokaci. A Birtaniya lasisin risperidone a wannan fanni mako 6 ne kacal. Mai nau'in Lewy kuwa haloperidol na iya sandarar da shi har ya kai ga halaka.

Azumi da Umara a yi shawara da likita da malami tun kafin lokaci. Maganin mantuwa na sau ɗaya a rana yana shiga tsakanin buɗa-baki da sahur, amma haɗarin yana wurin ƙishirwa da maganin suga. Wanda za a kai Harami a zaɓi lokacin da cunkoso ya ragu, a ɗora shi a keken guragu, a ɗaura masa suna da lambar waya a hannu da Larabci. In ya ɓace a Makka ko Jidda a kira 911 nan da nan.

Game da sababbin allurai masu share amiloyid, wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer, lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 ya rage gudun cutar da kusan kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Na masu matakin farko ne kawai da aka tabbatar suna da amiloyid, ana farawa da ƙarin sa ta jijiya duk mako biyu, yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa na MRI a kai a kai. Bai ɗauke buƙatar horo ba.

Duk wannan aiki galibi a wuyan mace ɗaya yake, 'ya ko matar ɗa. In ta durƙushe, horon ya tsaya. A raba kwanaki tsakanin 'yan'uwa a rubuce, a ware mata yini guda a mako, a tambayi asibiti ko tsohon ya cancanci jinyar gida, a kuma tuntuɓi Ƙungiyar Alzheimer ta Saudiyya da ke Riyad don wayar da kan masu jinya.

A ajiye littafi ɗaya a rubuta abubuwa uku ko huɗu da tsohon ke iya yi ranar da aka fara magani: yana cin abinci da kansa, yana kai kansa banɗaki, yana alwala da tuni ɗaya. Da shi za a je wurin likita bayan wata uku, sannan duk wata shida. Kada a tsayar da donepezil don kawai cutar ta yi nisa. Wani gwaji a Birtaniya a 2012 ya nuna waɗanda aka cire wa shi a matakin tsakiya zuwa mai tsanani sun fi saurin gangarawa. Dalilan tsayarwa su ne suma, ramewa, aman da ya ƙi tsayawa, ko haɗiya ta gagara. Ko a nan a rage awo a hankali ƙarƙashin kulawar likita, a sa ido na 'yan makonni, in aka ga faɗuwa ƙwarai a mayar. A wannan mataki horon ya koma na haɗiya da fata da gaɓoɓi: a zaunar da shi, bayansa a miƙe, lokacin cin abinci da rabin awa bayansa, ƙaramin cokali, kunu mai ɗan kauri idan ruwa na sarƙe shi, a juya shi a gado kamar duk awa biyu, a lanƙwasa a miƙe masa hannu da ƙafa safe da yamma don kada su ƙage.